Ruwan Gimbiya

Litinin, 2 ga Sha'aban, bayan La'asar

Baban Rizna, ka yi haƙuri da na dame ka da wannan rubutu, alhali hutu aka ce ka yi. Ba ni na so ba. Likitan nan mai furfura a gefen kunne ne ya ce mu riƙa yi maka hira, wai kana ji ko da ba ka amsa ba. To ka san ni. Ga gadaje jere, ga ma'aikatan jinya suna shige da fice, ga matar mai gadon kusa da kai ta kafa kunne kamar mai jiran sanarwar ganin wata. Ina zan iya buɗe baki? Jiya har lokacin ziyara ya ƙare, abin da na iya ce maka shi ne sannu. Shi ne 'yarka ta ce in rubuta a gida, ita za ta karanta maka. Rizna, ki karanta yadda na rubuta, ban da ƙari.

Lafiya lau muke. Kifayenka biyu lafiya, suna ta kai-kawo kamar masu neman makullin da ya ɓace.

Gimbiya ma lafiya. Da fitilar tankin ta kunna kanta da safe, sai ta miƙo hannuwan nan nata duka, kore shar, kowanne da ɗan fure a kai, suna rausaya. Tun da ka girke wannan akwatin gilashi a falo ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba. Ni dai na san murjani abin wuya ne. Kai ka ce mini wannan mai rai ce, tana ci, tana fushi, kuma a duk garinmu na Dehiwala ba wanda ya riƙe irinta ta wuce shekara sai kai. To na ɗauki alkawari, yadda ka bar ta haka za ka same ta.

Talata, 3 ga Sha'aban, da hantsi

Na fara gyaran gida na kafin azumi. A can ƙarshen firij, bayan madarar kwakwa, na tarar da wata kwalba da wani abu ruwan ƙasa a ciki. Na buɗe. Baban Rizna, Allah ya shirye ka. Na zubar, na wanke kwalbar har sai da hancina ya yafe mata.

Alhamis, 5 ga Sha'aban, bayan Azahar

Yayarka Fausiya ta iso daga garin Beruwala da jaka biyu da tukunyar miya, ta ce ta zo ta zauna da ni har abin da hali ya yi. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a tsakiyar falo tana auna bango da ido.

Ta ce, "Marliya, wannan kogin kuma har yanzu yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Yaya."

"To in an sallamo shi, gadon asibiti a ina za a sa? Ba zai iya hawa bene ba, kin sani, na sani. Nan ne kawai wurin da gado zai shiga. Ki kira abokin nan nasa mai shagon kifi ya zo ya kwashe kayan wasan nan."

Na ce ba kayan wasa ba ne, masu rai ne.

Ta ce, "Sauro ma mai rai ne." Sai ta leƙa tankin, ta nuna Gimbiya da leɓe. "Wannan kabejin ne ƙanena yake ce wa Gimbiya? Mutum da jikoki a hanya!"

Na kawo mata shayi mai citta. Ta ce sukari ya yi kaɗan, ta shanye, ta nemi ƙari.

Lafiya lau muke.

Juma'a, 6 ga Sha'aban, bayan an sauko daga masallaci

Yau na yi maka aikin da za ka gode mini.

Na ɗebi ruwan tankin a farin kofi, na kai bakin taga. Ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa. Na shinshina, akwai ƙarni. Tun muna yara a makarantar allo Malama ta koya mana cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza, a yi hattara da shi. Wannan biyu cikin uku sun tabbata, na ukun kuma ban da ƙarfin zuciyar gwadawa. Yaya za a bar baiwar Allah tana kwana tana tashi a ruwan da ni ba zan yarda in yi alwala da shi ba?

Na kwashe kusan rabi, na zuba sabo daga jarkokin ruwan teku da ka jera a bayan kicin. Duwatsun nan da suka yi gansakuka na goge su tas da sabon buroshin haƙori. Kofin nan da ke tara baƙin kumfa na wanke shi, na kuma murɗa injinsa har ya fi jan datti. Ban sa sabulu ba, na tuna ka ce guba ne gare su. Kifayen ma na rage musu abinci, don na lura su ne masu ɓata wurin.

Yanzu in ka kalli tankin sai ka rantse babu ruwa a ciki. Yaya Fausiya da kanta ta ce, "To, yau dai an ga mace ta taɓa wurin."

Lahadi, 8 ga Sha'aban, da yamma

An aske maka gemu ba a tambaye ni ba.

Litinin, 9 ga Sha'aban, bayan La'asar

Sun ɗauke wuta tun hantsi. Injin da ke kaɗa ruwan ya yi shiru, kifaye suka hau sama suna haki. Na tuna na taɓa ganinka kana ɗiban ruwan da jug kana kwararo shi daga sama, sai na kama yi. Da hannuna ya gaji na kira Yaya.

Ta ce, "Ni? In yi wa kabeji fifita?"

Na ce, "Don kifayen, Yaya. Akwai lada."

Ta ɗauko babban ludayin shinkafar biriyani, ta tsaya tana juya tankin kamar mai dama kunun buɗe-baki na masallaci, tana mita. "Uwarmu ta haifi 'ya'ya shida, biyar masu hankali. Kai, ja can, mai ɗamara, kar in kwashe ka in soya!" Na yi dariya har jug ya suɓuce mini. Rabon da in yi dariya tun ranar da aka kwantar da kai. Sai na ji kunya, na shiga kicin na ɗan tsaya.

An kawo wuta kafin Azahar ta fita. Ba wanda ya mutu.

Laraba, 11 ga Sha'aban, da safe

Gimbiya ta fito rabi-rabi yau, hannuwan gajeru. Ina jin sauran datti ne ke damunta. Na sake canza ruwa, na sake goge duwatsu.

Alhamis, 12 ga Sha'aban

Sun ƙara maka wani bututu. Rizna ta fara yi mini bayani, na ce ta bari. Na canza ruwa.

Asabar, 14 ga Sha'aban, bayan Azahar

Rizna ta ce kar in rubuta wannan, wai labari mai daɗi kawai ake kai wa marar lafiya. Amma ban taɓa ɓoye maka abin da ya shafi kayanka ba, ba kuma zan fara don kana kwance ba.

Gimbiya ta shige. Kwana biyu ke nan ko hannu ɗaya ba ta fitar ba. Ta zama dunƙulen dutse mai ramuka, koren ya koɗe kamar tsohon zane. Na yi duk abin da na sani. Jarkokin ma sun kusa ƙarewa.

Yaya ta same ni a gaban tankin, ta dafa kafaɗata, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Ke, abu in ya ƙare ya ƙare. Na kira Gamini mai shagon kifi, gobe zai zo ya kwashe. Ki bar wa kanki wahala ɗaya."

Na ce to. Ban san me ya sa na ce to ba. Daga nan na je na wanke takalmanka da ke bakin ƙofa, ko da yake jiya ma na wanke su.

Lahadi, 15 ga Sha'aban, bayan La'asar

Tun da safe muke gasa gurasar rabin Sha'aban, ni da Yaya, muna aika wa maƙwabta da ayaba. Muna cikin haka Gamini ya iso a kekensa mai ƙafa uku, da bokitai da raga. Ya tuɓe takalmi, ya tambayi jikinka, ya ci gurasa biyu a tsaye, sannan ya juya ga tankin. Sai ya daina tauna.

Ya ce, "Hajiya, wa ya yi wa tankin nan wankan gawa?"

Yaya ta ce, "Kai, kama bakinka, gidan marar lafiya ne."

Ya ba da haƙuri, ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya ɗaga sama. Ya ce, "Babu komai a ruwan nan. Komai fa. Gishiri ne da ruwa kawai. Ina gansakukar? Ina kwalbar Alhaji?"

Na ce wace kwalba.

"Ta firij. Mai warin nan da ke tayar da matacce." Yaya ta harare shi, ya sake ba da haƙuri.

Na ce na zubar.

Baban Rizna, mutumin nan ya zauna a kujerarka ya riƙe kai. Ya ce abincin Gimbiya ne. Wai irinta ba a ruwa garai-garai take zama a teku ba, a gindin ruwa mai laka take, inda komai ke gangarowa ya taru, abin da ni nake kira datti shi take miƙa hannu tana kamawa. Wai kai da gangan kake barin ruwan ya ɗan yi nauyi, kuma sau biyu a mako kake ba ta wancan abin a baki.

Ya ce, "Ba ciwo take yi ba, Hajiya. Yunwa ce. Kin sa ta azumi tun watan bai kama ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ni dai tsafta na yi mata.

Ya ce, "Na gani. Ko a ɗakin tiyata ba a kai haka ba."

Yaya ta ce, "To malamin kabeji, surutu ya isa. Kwashe ka tafi."

Ya ce ba zai kwashe ba. Wai shekara da shekaru kuna gardama, shi yana cewa irin wannan murjani ba ya rayuwa a gida, kai kana cewa yana yi, kuma ba zai ci gardama a kan mutumin da ke kwance ba. "In ya tashi ya ce in ɗauka, zan ɗauka. Ko in naman ya fara saɓulewa, farin ƙashi ya fito, to a kira ni, don kar ta kashe kifayen. Kafin nan, a ba ta abinci, a kuma cire hannu daga ruwan nan."

Yaya ta ce ta ba mu zuwa ganin watan azumi. In kabeji bai farfaɗo ba, da tanki da Gamini duk waje.

Ya tafi da gurasa a bokitin da ya kawo don kifi.

Litinin, 16 ga Sha'aban, da hantsi

Ga abin da ya ce in haɗa: kawunan jatan lande, da naman kawa na cikin ɓawo, da ƙwan kifi, ɗanye duka, a niƙa lukui. Na je bakin teku wajen masu kwale-kwale. Matar da nake sayen kifi a wurinta ta ce, "Kawuna kawai? Hajiya, lafiya? Ko kyanwa kika yi?" Na ce baƙuwa gare ni mai wuyar sha'ani.

Yaya ta rungume injin markaɗe ta ce sai dai a bi ta kanta. Na fito da dutsen niƙa na bayan gida.

Ina niƙa, ina tunanin anya ya halatta in zuba wannan a ruwan da na tsarkake da hannuna. Sai na tuna Malamar nan dai ita ce ta koya mana cewa abin da ya fito daga teku ba najasa ba ne, ko da ya mutu. Ashe rabin karatun na riƙe, na bar rabi a makaranta. Wari daban, najasa daban. Na ci gaba da niƙa da bismillah, na ɗaure hanci da gefen mayafi.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni sirinji marar allura, irin wanda suke ba ka abinci da shi. Na kashe injin ruwa, na fesa wa Gimbiya a hankali. Ruwan ya yi duhu. Kifaye suka yi biki. Ita ko motsi.

Laraba, 18 ga Sha'aban, bayan Azahar

Shiru. Gansakuka ta fara dawowa a gilashi, ni kuma hannuna ƙaiƙayi yake. In na wuce ta falo sai in riƙe carbi da hannu biyu.

Na wanke labulaye. Na sake wanke waɗanda na wanke. Yaya ta ce in na gama in zo in wanke ta ita ma, tunda ita ce kaɗai ta rage.

Alhamis, 19 ga Sha'aban

Na ba ta abinci. Shiru. Lafiya lau muke.

Juma'a, 20 ga Sha'aban, da safe

Ɗaya ya fito! Ɗan guntu, daga gefen hagu, bai kai tsawon farce ba. Na ƙwala wa Yaya kira, ta fito da kumfar wanki a hannu ta ɗauka gobara ce. Ta sa tabarau, ta duba, ta ce, "Wannan? Ai ƙurji ne." Amma ba ta koma wankin ba sai da fitila ta yi haske sosai, muka ƙirga wasu a kusa da shi.

Rizna, in kin zo nan ki ɗaga murya.

Litinin, 23 ga Sha'aban

Yau ba su bar mu mun shiga ba. Mun zauna a benci har lokaci ya ƙare.

Talata, 24 ga Sha'aban, bayan La'asar

Sun bar ni na leƙa ta gilashin ƙofa. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Ruwan tanki ya yi ɗorawa, yana ƙarni. Ban taɓa ba.

Alhamis, 26 ga Sha'aban, da hantsi

Alhamdu lillahi, sun mayar da kai gadonka na da, sun cire bututu ɗaya. Rizna ta ce jiya ta koma baya ta karanta maka tun daga farko, da ta zo wurin da na zubar da kwalba sai ka haɗe gira. Ta rantse. Matar gadon kusa ma ta ce ta gani, kuma ta tambaya ko kabejin ya tashi. Ashe duk ɗakin bin labarin suke. Rizna, na ce ki ɗaga murya, ban ce ki yi shela ba.

To haɗe girarka, Baban Rizna. Na cancanta. Ka haɗe ta da kyau in gani da idona yau.

Wani abu kuma. Bayan sallar Asuba na sauko zan ɗora ruwan shayi, sai na ji magana a falo. Yaya ce tsaye a gaban tanki, ta kashe inji, sirinji a hannunta, mayafi a hanci. Tana cewa, "Ci mana, ɗan nema. Kai tun kana yaro sai an bi ka da kwano. Buɗe baki, kar ka ba ni kunya." Da sunan da take kiranka kuna yara take kiran Gimbiya. Ba zan rubuta shi ba, kar ɗaki ya ji.

Na koma da baya a hankali, na yi tari a kan bene, sannan na sake saukowa. Na same ta tana goge teburin da ba shi da ƙura. Ta ce, "Falon nan wari yake, Marliya. Ba kya gyara gida."

Na ce zan gyara, Yaya.

Juma'a, 27 ga Sha'aban, bayan La'asar

Gimbiya ta fito fiye da rabi. Koren bai dawo duka ba, kuma akwai wani gefe da ya yi fari, Gamini ya ce wannan ya tafi ke nan, sai dai naman ya rufe shi a hankali. Na faɗa maka don kar ka zo ka ce an ɓoye. Ba yadda ka bar ta za ka same ta ba. Amma tana ci.

Yaya ta kawo tef ɗin tela ta sake auna falo. Ta auna nan, ta auna can, ta tsaya a gaban kabad ɗin tangaran na mahaifiyarku, wanda ba a taɓa matsar da shi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ta ce, "Wannan ya hau sama. Kwanukan da ba a ci a ciki, me suke tsare mana? Gado ya zo nan, kansa ta wajen taga, fuskarsa ta wajen kabejinsa. In ba haka ba ya ishe mu da tambaya."

Na ce, "Ai watan bai kama ba, Yaya."

Ta ce, "Ni na ga nawa."

Asabar, 28 ga Sha'aban, da hantsi

Baban Rizna, wata matsala ta taso, kuma wannan ta fi ƙarfina.

Da safe na ga wani ɗan dunƙule a kan yashi, a gindin Gimbiya, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Na ɗauka datti ne, na ma kawar da kai don kar hannuna ya je. Da fitila ta kunna sai na ga ya fitar da 'yan hannuwa, kore, da furanninsa ƙanana. Na kira Gamini a waya. Ya ce 'ya ce, wai irinta takan saki ɗan guntu daga jikinta ya zama wata. Ya ce ya taɓa ji, bai taɓa gani ba. Na tambaye shi ya zan yi da ita, don igiyar ruwan tana mirgina ta, kuma babban kifin ya fara zuwa yana shinshina. In bar ta a yashi? In sa ta a ɗan kofi? In ɗaga ta kusa da haske, ko hasken zai yi mata yawa?

Ya ce, "Hajiya, ni mai sayarwa ne. Wanda ya san wannan a garin nan mutum ɗaya ne, kuma ke kike da izinin shiga wurinsa."

Yaya ta ce a kife mata matatar shayi kafin a ji daga gare ka. Mun kife. Ita ce zaune tana gadi yanzu, da ludayi, tana yi wa kifin kashedi.

Na riga na yi abu da ra'ayina sau ɗaya, ka ga inda ya kai mu. Wannan karon ba zan taɓa komai ba sai ka ce. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Zan zo da yamma in riƙe hannunka in jero maka su ɗaya bayan ɗaya, yashi, kofi, haske, inda ka matsa nan zan bi. In kuma bakin ya samu, ya fi.

Matatar ba za ta riƙe ta da daɗewa ba, azumi kuma ga shi a bakin ƙofa. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.